Gishirin Miyar Kanti da Matsayin Shiryayyen Abinci

Miyar kanti, wato miyar da kamfani ya riga ya dafa ko ya busar, ya zuba a gwangwani ko kwali ko leda domin mai saye ya ɗumama ta kawai ko ya kwara mata tafasasshen ruwa, tana cikin abincin da masana lafiyar al'umma suka fi sa wa ido a Turai da Amurka tun daga ƙarshen ƙarni na 20. A waɗannan ƙasashe ana shan irin wannan miya ne ita kaɗai da cokali, sau da yawa tare da burodi, saboda haka ta fi kusa da romo ko farfesu fiye da miyar da ake cin tuwo da ita. Mutanen can suna ɗaukar ta abinci marar nauyi wanda ya dace da tsoho da marar lafiya da ma'aikacin da ke son karin rana cikin hanzari, kuma wannan kyakkyawan zato shi ne ya sa batun gishirinta ya yi nauyi, domin wanda ya sayi soyayyen dankali ya san gishiri ya saya, alhali wanda ya sayi miyar kayan lambu yana ganin ya kyautata wa jikinsa. Gardamar ta daɗe da wuce miya, ta game dukkan shiryayyen abinci, wato abincin da aka yi wa mafi yawan aikinsa a masana'anta domin rage wa mai girki lokaci da wahala, kuma ana yawan haɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba: ko akwai aibi a sauƙin girki shi kansa, da kuma ko dole ne wannan sauƙi ya zo da gishiri mai yawa.

Gishirin girki haɗi ne na sinadarai biyu, sodiyam da kulorayid, kuma sodiyam ɗin, wanda ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin gishiri, shi ne likitoci suke damuwa da shi. Wannan ya sa ake samun ma'auni iri biyu a jikin kayan abinci, domin a Birtaniya da Tarayyar Turai ana rubuta nauyin gishiri, a Amurka kuma ana rubuta nauyin sodiyam, kuma wanda yake son mayar da sodiyam zuwa gishiri sai ya ninka adadin sau biyu da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa kaɗan da cikin cokalin shayi, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sodiyam, kuma wannan lissafi ya ƙunshi duk gishirin da ya shiga ciki daga kowace kafa, har da wanda harshe bai ji ba. Hukumomin Birtaniya sun tsayar da iyakarsu a giram 6, na Amurka kuma a miligiram 2,300 na sodiyam. A ƙiyasin da hukumar ta duniya ta fitar a 2023, matsakaicin abin da baligi yake ci a duniya ya kai kusan giram 10.8 a rana, fiye da ninkin abin da aka shawarta, kuma ta danganta mutuwar mutum kusan miliyan 1.89 a kowace shekara da yawan cin sodiyam.

Abin da ya sa miya ta fi ruɗar mai saye shi ne yawan ruwanta. A tsarin launuka da ake amfani da shi a jikin kayan abinci a Birtaniya, wanda aka aro daga fitilun ba da hannu na kan titi, abincin da gishirinsa bai wuce giram 0.3 a cikin kowane giram 100 ba yana samun kore, wanda ya haura giram 1.5 yana samun ja, abin da ke tsakani kuma rawaya. Miyar gwangwani da ke da giram 0.6 a cikin giram 100 za ta faɗa tsakiyar wannan ma'auni, ta yi kama da abin da ba shi da matsala, amma ba wanda yake shan giram 100 na miya ya tashi. Gwangwani na yau da kullum yana ɗauke da kusan giram 400, kamfani yana rubuta cewa rabon mutum biyu ne, mutane da yawa kuwa su kaɗai suke shanye shi, wanda ke nufin giram 2.4 na gishiri a zama guda, kusan rabin abin da aka yarda wa yini, tun kafin a lissafa burodin da aka haɗa da shi, wanda shi ma yana cikin manyan hanyoyin da gishiri ke shiga jikin Turawa. Domin toshe wannan kafa ne tsarin na Birtaniya ya ƙara sharaɗin cewa duk rabon da ya wuce giram 1.8 na gishiri ya sami ja, ko da kuwa lissafin giram 100 bai kai ba, sai dai har yanzu kamfani ne yake yanke girman abin da ya kira rabo.

Jiki yana buƙatar sodiyam domin aikin jijiyoyi da tsoka da daidaita ruwa, amma buƙatar kaɗan ce ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ake ci. Idan sodiyam ya yi yawa, jiki yana riƙe ruwa domin ya tsarma shi, yawan jinin da ke gudana ya ƙaru, ƙoda kuma ta shiga aikin fitar da rarar, kuma idan aka shekara da shekaru a haka sai ƙarfin da jini ke matsa bangon jijiya da shi ya tashi ya zauna a sama, wanda shi ne hawan jini, babban mafarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da lalacewar ƙoda. Binciken Intersalt, wanda aka wallafa a 1988 bayan auna mutum sama da 10,000 a cibiyoyi 52 cikin ƙasashe 32, ya nuna cewa a al'ummomin da kusan ba sa cin gishiri, irin mutanen Yanomami na dajin Amazon, jini ba ya hawa da ƙaruwar shekaru kamar yadda aka saba gani a sauran wurare. Gwajin da aka yi a Amurka aka wallafa a 2001, wanda aka ciyar da mutum 412 abinci mai matakan sodiyam daban-daban, ya nuna cewa duk lokacin da aka rage sodiyam jini yana sauka, kuma saukar ta fi yawa ga waɗanda dama suke da hawan jini.

Akwai saɓani da ya rage tsakanin masana, kuma adalci ne a faɗe shi yadda yake. Wasu masu bincike, musamman na wani babban nazari da ake gudanarwa daga Jami'ar McMaster ta Kanada, sun ce haɗari yana ƙaruwa ga masu cin gishiri da yawa da kuma masu cin kaɗan ainun, saboda haka suna ganin iyakar giram 5 ta yi tsauri. Masu suka sun amsa da cewa an ƙiyasta cin gishirin mutanen ne daga fitsarin safiya guda, maimakon tara fitsarin awa 24 wanda shi ne ma'aunin da aka fi amincewa da shi, kuma mutanen da dama ba su da lafiya sukan rage cin abinci, sai a ga kamar ƙarancin gishirin ne ya jawo musu ciwo. Abin lura dai shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa masu cin gishiri da yawa ƙwarai suna cutuwa, kuma gardamarsu a kan ƙasan ma'auni ce, wurin da 'yan kaɗan ne daga mutanen duniya suka kai.

Mutane da yawa suna zaton gishirin miyar gwangwani na hana ta lalacewa ne, kamar yadda yake yi wa kifi ko nama, amma lamarin ba haka yake ba. Abin da ke adana abincin gwangwani shi ne zafi da rufewa, domin bayan an liƙe gwangwanin ana dafa shi cikin tukunyar matsi a zafin da ya kai kusan digiri 121 a ma'aunin Salshiyas, wanda yake kashe ƙwayoyin cuta har da masu taurin kai da ke haddasa mummunar gubar abincin gwangwani, kuma miyar da ba a sa mata gishiri ko kaɗan ba za ta zauna a kanta tsawon lokaci ɗaya da mai gishiri. Aikin gishiri a nan na ɗanɗano ne. Tsananin zafin yana kashe ƙamshin kayan lambu da na nama, gishiri kuma yana fito da ɗan abin da ya rage, yana danne ɗaci, yana sa ruwa-ruwan miya ya ji kamar yana da kauri a baki, kuma yana yin duk wannan a kan farashin da bai kai na nama ko kayan ƙamshi ko kusa ba. A miyar gari da ake zuba wa ruwan zafi, gishiri yana kuma zama abin da ke ɗauke da sauran sinadaran ɗanɗano yana cika nauyin leda. Wannan bayani yana da muhimmanci ga dukkan gardamar, domin yana nuna cewa yawan gishirin shawara ce ta ciniki da aka yanke a ofishin kamfani, kuma shawarar da aka yanke ana iya sake ta ba tare da mai saye ya rasa minti guda na sauƙin da ya biya kuɗi dominsa ba.

Tarihin shiryayyar miya yana hana a yi mata hukuncin gaggawa. Nicolas Appert, Bafaranshen da ya gano hanyar adana abinci ta dafa shi cikin rufaffiyar kwalba, ya wallafa hanyarsa a 1810, shekarar da Peter Durand ya yi rajistar amfani da gwangwani a Ingila, kuma sojoji da matuƙan jiragen ruwa ne suka fara cin moriyar abin. Wanda ya fi kusa da batun nan shi ne Julius Maggi, mai injin niƙa a Suwizalan, wanda ya yi aiki tare da likita Fridolin Schuler, mai duba lafiyar ma'aikatan masana'antu. Schuler ya lura cewa matan da suka shiga aikin masaƙa ba su da sauran lokacin dafa abinci mai gina jiki, iyalansu kuma suna fama da tamowa, sai aka nemi abin da zai dahu da wuri, ya yi araha, ya kuma ƙunshi sinadarin gina jiki. Daga nan garin wake da dangoginsa ya fito, sannan a 1886 miyar gari da ake dafawa cikin ɗan lokaci, sai dunƙulen romo a 1908. A Amurka kuma, John Dorrance, masanin haɗa sinadarai a kamfanin Campbell, ya fito da hanyar rage ruwan miya a 1897, abin da ya ƙanƙanta gwangwani ya sauke kuɗin dako, har aka riƙa sayar da shi a kan santi 10. Momofuku Ando ya fito da taliyar da ke nuna cikin mintuna a Japan a 1958, ƙasar da ba ta daɗe da fita daga yunwar bayan yaƙi ba. Riba tana cikin niyyar dukkansu, amma kowannensu ya amsa wata buƙata ta gaske da talakawa suke da ita.

Wannan buƙata ba ta gushe ba, kuma masu kiran kowa ya koma dafa komai daga tushe sukan manta wanda zai tsaya a gaban murhun. Girki daga ɗanyen kaya yana cin lokaci da makamashi da ruwa da wurin ajiya da ƙarfin jiki, kuma a mafi yawan al'ummomin duniya mata ne suke biyan wannan farashi, sau da yawa bayan sun dawo daga wani aikin. Masaniyar tarihin abinci Rachel Laudan ta yi wannan jayayya a wata muƙala da ta wallafa a 2001, inda ta tuna wa masu begen abincin zamanin da cewa niƙa da daka da surfe sun cinye rayuwar mata tsawon ƙarnoni, kuma sarrafa abinci a masana'anta yana cikin abin da ya 'yantar da su. Akwai kuma tsohon da yake zaune shi kaɗai hannunsa ba ya iya riƙe wuƙa, da mai jinya, da ɗalibin da ke ɗaki ɗaya, da gidan da ba shi da firji ko wutar da za ta riƙe shi, waɗanda a wurinsu zaɓin yana tsakanin gwangwanin miyar wake da kwana da yunwa ko cika ciki da biskit. Abincin gwangwani ba ya ruɓewa a jira, saboda haka yana rage asara, kuma ko da yake zafi yana rage bitamin C da wasu daga dangin bitamin B, yana barin sinadarin gina jiki da harza da ma'adinai kusan yadda suke, har ma jan sinadarin da ke cikin tumatir ya fi shiga jiki bayan an dafa shi. Duk wanda ya yi watsi da waɗannan fa'idodi bai yi wa masu ƙaramin ƙarfi adalci ba.

Suka mafi ƙarfi a kan shiryayyen abinci ta fito ne daga Barazil, inda Carlos Monteiro na Jami'ar Sawo Paulo ya gabatar tun daga 2009 da tsarin rarraba abinci bisa zurfin sarrafawar da aka yi masa, wanda aka sani da NOVA. Rukuni na huɗu a tsarin shi ne abincin da aka harhaɗa daga sinadaran masana'anta da ba a samu a kicin na gida, kuma miyar gari da taliyar mintuna suna cikinsa. A 2019 Kevin Hall na cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike, ya ciyar da su irin wannan abinci mako biyu da abincin da ba a sarrafa ba mako biyu, aka ga suna cin ƙarin kusan kalori 500 a rana a makonnin sarrafaffen abinci, nauyinsu kuma ya ƙaru. Sakamakon ya cancanci kulawa, amma rukunin ya yi faɗi har ya haɗa lemon kwalba da burodin alkama mai dusa a ɗaki ɗaya, kuma bai gaya wa mai saye komai ba game da bambancin da ke tsakanin miya biyu da ke jere a kanta ɗaya, ɗaya tana da ninkin gishirin ɗayar. Irin wannan tazara tsakanin kayayyaki masu suna ɗaya ita ce ƙungiyar Birtaniya da Farfesa Graham MacGregor ya kafa a 1996, wadda aka fi sani da Action on Salt, take yawan bayyanawa a binciken kantuna da take yi, kuma hujjarta mai sauƙi ce: idan wani kamfani ya iya yin miyar tumatir da ake saye da ɗan gishiri, to babu uzurin fasaha ga wanda ya cika shi.

Abin da ya faru da kamfanin Campbell ya nuna inda wahalar take. Kamfanin ya rage sodiyam a wani jerin miyarsa zuwa miligiram 480 a kowane rabo, ya kuma tallata ragin, ciniki ya ja baya, sai a 2011 ya sanar da mayar da shi zuwa miligiram 650. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa jama'a ne suke son gishiri, kamfani kuwa biyayya kawai yake yi. Fassarar da ta fi dacewa da abin da aka sani game da harshe ita ce kamfani ɗaya ba zai iya ragi mai yawa shi kaɗai ba alhali abokan gasarsa suna nan yadda suke, domin harshen da ya saba da gishirin sauran abinci zai ji nasa lami, rubutun da ke shelar ragi kuma yana sa mai saye ya yanke hukunci tun bai ɗanɗana ba. Harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni zuwa 'yan watanni, ragi kaɗan-kaɗan ba a ma jin sa, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka rage gishiri a cikin abinci aka bar wa mutane su barbaɗa da kansu, ɗan kaɗan daga abin da aka cire suke mayarwa.

A kan wannan ilimi Birtaniya ta gina shirinta. Daga 2003 hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar ta shiga tattaunawa da kamfanoni, a 2006 ta fitar da iyakokin gishiri ga rukunonin abinci da dama, har da miya da burodi, ana ƙara tsuke su bayan 'yan shekaru, kowa yana ragewa tare kuma a hankali. Gishirin burodin kanti ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 tsakanin 2001 da 2011 ba tare da mutane sun daina sayen burodi ba, matsakaicin cin gishiri kuma ya sauka daga giram 9.5 a 2003 zuwa giram 8.1 a 2011, a daidai lokacin da mutuwa daga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100, ko da yake raguwar shan taba da ingantuwar magunguna suna da nasu kason a wannan nasara. Shirin ya dace da ƙasar ne saboda kusan kashi uku cikin huɗu na gishirin da mutanenta suke ci yana zuwa ne a cikin abincin da suka saya a shirye. Bayan 2010 aka karɓe aikin daga hannun hukumar, aka mayar da shi alkawarin ganin dama tsakanin gwamnati da kamfanoni, ci gaban ya tsaya, har binciken 2018 zuwa 2019 ya sami kusan giram 8.4. Finlan ta bi wata hanyar, ta wajabta rubuta gargaɗin yawan gishiri tun farkon shekarun 1990, kamfanoni da yawa suka gwammace rage gishirin a kan ɗaukar tambarin, Chile kuma ta fara liƙa baƙin tambari a gaban kaya a 2016. Afirka ta Kudu ta kafa doka a 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ta sa iyaka ta dole ga burodi da miyar gari da taliyar mintuna da dunƙulen romo.

Ambaton dunƙule a dokar Afirka ta Kudu shi ne inda batun ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye. Miyar gwangwani ba ta da kasuwa mai yawa a Kano ko Maraɗi, amma jikan miyar Julius Maggi yana cikin kusan kowace tukunya, har sunan ya zama sunan duk wani dunƙule ko na wane kamfani ne. Kusan rabin nauyin dunƙule ko fiye gishiri ne, domin shi ne yake riƙe siffarsa, saboda haka ƙaramin dunƙule mai giram 4 yana ɗauke da kimanin giram 2 na gishiri. Uwargidan da ta jefa guda biyar a miya, ta ƙara gishirin hannu, ta kuma sa farin magi, ta zuba sodiyam daga kafa uku, ko da yake farin magi, wanda Kikunae Ikeda ya gano sinadarinsa a Japan a 1908, sodiyam ɗinsa kusan sulusin na gishiri ne, kuma idan aka sa shi a madadin wani ɓangare na gishirin maimakon ƙari a kansa yana iya rage jimillar. Taliyar mintuna, wadda ta zama abincin yara da ɗalibai da teburin mai shayi, ƙunshin garin da ke cikinta kan ɗauki sulusin iyakar yini ta baligi ko fiye, jikin yaro kuwa iyakarsa ta fi ta baligi ƙanƙanta. Wannan yana rushe zaton cewa girkin gida kariya ce da kanta, domin miyar kuka da aka kaɗa a gida tana iya fin ta gwangwani gishiri, kuma ba ta da rubutu a jikinta da za a karanta.

Kicin ɗin Bahaushe ma bai taɓa rasa nasa shiryayyen abinci ba, domin garin kuka da busasshiyar kuɓewa da kalkashi da daddawa da yaji duk dabaru ne na yin aiki sau ɗaya domin a huta daga baya. Daddawa, wadda ake yi da kalwar ɗorawa, tana ba miya irin zaƙin romon da dunƙule yake bayarwa, saboda ruɓar da kalwar yana sakin sinadari iri ɗaya, kuma gidan da ya ƙara ta ya rage dunƙule ya rage sodiyam bai rasa ɗanɗano ba. Ba duk abin gargajiya ne yake da wannan shaida ba. Kanwa mafi yawanta gishirin sodiyam ce ta wani nau'i, ko da harshe bai ji ta kamar gishiri ba, kuma likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun danganta yawan gazawar zuciya ga masu jego a Zariya a shekarun 1970 da shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai zafi, ko da yake binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin sinadarin siliniyam a jiki.

Akwai wata sarƙaƙiya da ta keɓanta da Afirka ta Yamma. Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993 domin yaƙi da maƙoƙo da tawayar ƙwaƙwalwar jarirai, wasu kamfanonin dunƙule kuma suna amfani da gishiri mai aidin suna ƙara sinadarin ƙarfe domin rage ƙarancin jini, har wasu masana abinci suna kallon dunƙule a matsayin hanyar isar da sinadarai zuwa gidajen da babu wata hanyar da ke kai musu. Haɗarin shi ne talla ta mayar da wannan dalilin ƙara yawan dunƙule a tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa manufofin biyu ba sa karo, domin idan cin gishiri ya ragu ana iya ƙara yawan aidin a kowane giram, amma hakan yana buƙatar hukumomi su riƙa auna duka biyun tare. Wata hanyar ita ce gishirin da aka maye ɓangarensa da fotasiyam. A gwajin da aka yi a ƙauyuka 600 na arewacin ƙasar Sin, aka wallafa a 2021, mutum kusan 21,000, mafi yawansu masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki, an raba su biyu, kuma waɗanda aka ba gishiri mai kashi 25 cikin 100 na fotasiyam kulorayid sun sami ragin shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 da ragin mutuwa da kashi 12 cikin kusan shekara biyar. Yanayin wannan gwaji ya fi na Turai kama da na ƙasar Hausa, domin a ƙauyukan ma a tukunya ake zuba mafi yawan gishiri, sai dai irin wannan gishiri haɗari ne ga mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini da ke tara fotasiyam a jiki, kuma ciwon ƙodar da ba a gano ba yana da yawa a wuraren da gwajin jini yake tsada.

Mai saye yana da abin da zai iya yi, kamar kwatanta kaya biyu da lissafin giram 100, da ninka adadin da gwargwadon abin da zai ci na haƙiƙa, da zuba rabin garin taliya, da ƙara wa miyar gwangwani wake ko ganye marar gishiri domin ta ishi mutum biyu, da ɗanɗana miya kafin a ƙara gishiri bayan dunƙule. Amma duk wannan ya dogara ga rubutun da ke jikin kaya da iya karanta shi, alhali dunƙule a kasuwannin Arewa ɗai-ɗai ake sayar da shi daga tire ko teburin mai koli, babu kwali, babu jadawalin sinadarai. A irin wannan kasuwa, iyakar da aka sa wa masana'anta ita ce kaɗai matakin da ke isa ga kowace tukunya, kuma 'yan kamfanoni kaɗan ne suke yin mafi yawan dunƙulen da ake ci, abin da ke sauƙaƙa sa ido. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da kundin manufar rage sodiyam a 2025, kuma abin da ya faru a Birtaniya bayan 2010 ya nuna cewa amfanin irin wannan kundi zai dogara ne ga ko hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, za ta mayar da iyakokinsa doka mai wa'adi da hukunci, a riƙa ɗibar kaya daga kasuwa ana aunawa, a kuma riƙa tara fitsarin awa 24 daga samfurin jama'a lokaci-lokaci domin a san ko ragin da aka yi a masana'anta ya isa jikin mutane ko an mayar da shi da gishirin hannu.